Yadda ake karɓar macen da aka yi wa fyaɗe ko duka a ƙaramin asibiti

Ƙanwata, ke da aka turo ki ƙaramin asibiti, inda in dare ya yi daga ke sai mai gadi, da ke nake. Ko ba daɗe ko ba jima za a ƙwanƙwasa miki ƙofa, ki buɗe ki ga uwa riƙe da hannun 'yarta, bakinta ya yi nauyi ta kasa faɗin abin da ya kawo su. Ina so ranar ta same ki a shirye.

A farkon aikina na ungozoma an kawo mana wata yarinya ranar Alhamis da la'asar, a ranar aka yi mata fyaɗe. Aka ce wa uwar ba a taɓa irin wannan sai da takardar 'yan sanda. Ina tsaye ban ce uffan ba, don ni ma abin da na tarar ana yi ke nan. Ba su dawo ba sai Litinin, kuma zuwa lokacin awa 72 da ake iya ba da maganin kariya daga HIV ta riga ta wuce. Har yau abin yana ci mini rai. To ki riƙe wannan tun daga nan: babu takardar da ake jira kafin a yi magani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ƙin duba mai larurar gaggawa kan kowane irin dalili, kuma fyaɗe larurar gaggawa ce, ko da mace ta shigo da ƙafarta.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu ko ji musu ciwo, kashi 9 an taɓa cin zarafinsu ta hanyar jima'i, kuma fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman taimako ba. Macen da ba za ta taɓa taka ofishin 'yan sanda ba tana zuwa awo, tana kawo yaro rigakafi. Mu muke ganinta.

Kayan da za ki tanada

Ki haɗa komai a akwati ɗaya mai kwaɗo, makullin yana hannun duk wadda ke aikin dare. Maganin da aka kulle a ɗakin magani, mai makullin ya tafi gida, daidai yake da babu.

A ciki ki sa safar hannu, auduga, bandeji, filasta, ruwan wanke rauni, allura da zaren ɗinki, sirinji, da abin awo na santimita ko da rular 'yan makaranta ce. Ki sa abin gwajin ciki da na HIV. Magunguna: TLD, wato ƙwayar maganin HIV, kwalba guda mai isa kwana 28, Postinor ko wani levonorgestrel na hana ɗaukar ciki, ceftriaxone, azithromycin, Flagyl, paracetamol, da maganin amai. Allurar tetanus da ta ciwon hanta suna cikin firji, ki san inda suke. Sai ambulan na takarda manya da ƙanana, farar takarda babba, fom na izini, fom mai zanen jikin mutum, da littafi daban wanda ba ya zama a kan tebur.

Abubuwa uku ana yawan mantawa da su: tocila mai caji, audugar mata, da zani da hijabi wankakku. In tufafinta sun yage, ko za a ajiye su don shaida, da me za ta koma gida? Ni tsofaffin zannuwana biyu ne a akwatin. Ki liƙa takarda a cikin murfin mai ɗauke da lambar babban asibiti, da ta jami'ar walwala ta ƙaramar hukuma, da ta mai mota ko mai babur da kika yarda da shi. Duk farkon wata ki duba ranar ƙarewar magungunan.

1. Ki keɓe ta, ki duba ko ranta na cikin haɗari

Kada ta zauna a layi, kada a tambaye ta a wurin yankar kati. Ki kai ta ɗaki mai ƙofa. In babu, ɗakin haihuwa in ba kowa, ko ma ɗakin ajiya, ya fi labulen da ake jin magana ta bayansa. Masu rakiya ki sallame su da ladabi: "Baba, ka ɗan jira mu a waje, dubawar mata za mu yi." Babu wanda yake musu da wannan. Sai bayan kun zama ku biyu za ki tambaye ta ko tana son wani ya zauna da ita. Wani lokaci wanda ya rako ta shi ne ya yi ɓarnar.

Kafin doguwar magana ki auna jini da bugun zuciya da zafin jiki. Zubar jini mai yawa, ciki mai tauri da ciwo, suma ko ruɗewa bayan bugu a kai, karaya, ƙuna mai faɗi, mai ciki da aka buga a ciki: waɗannan na babban asibiti ne, ki sa ruwa ki tura ta. Wadda aka shaƙe ma haka, in muryarta ta dishe ko haɗiya na yi mata wuya, ko da wuyan babu tabo, domin kumburin kan biyo baya. Amma in fyaɗe ne kuma tana iya haɗiya, ki ba ta ƙwayar TLD ta farko da maganin hana ɗaukar ciki kafin motar ta tashi, ki rubuta lokacin a takardar da za ta tafi da ita.

2. Ki zauna ki saurara

Nan ne aka fi yin ɓarna, kuma da baki ake yin ta. Ki zauna daidai da ita, kada ki tsaya a kanta. Ki ajiye biro tukuna. Ki faɗi sunanki, ki ce, "'Yar uwa, nan babu mai jin mu. Ki faɗa mini abin da za ki iya faɗa, wanda ba ki so ki bar shi." In ta yi shiru ki bar ta da shirunta. Na sha zama minti goma ba a ce komai ba, sai kuka, sannan magana ta zo.

Ba za ta ce "fyaɗe" ba galibi. Za ta ce "ya lalata ni", "ya fi ƙarfina", "ya yi mini abin da ya yi", ko uwar ta ce "an ɓata ta". Ki yi amfani da kalmar da ita ta zaɓa.

Akwai tambayoyin da na hana bakina: Me ya kai ki ɗakinsa? Me ya sa ba ki yi ihu ba? Me kika yi masa ya doke ki? Wa ya aike ki talla da daddare? Duk tambayar da ta fara da "me ya sa" a kunnenta tuhuma ce. Da yawa jikinsu sandarewa yake yi don tsoro, ko yatsa ba sa iya ɗagawa, kuma ba amincewa ba ce. Kada kuma ki yi saurin cewa "ki yi haƙuri, ki bar wa Allah". Maganar gaskiya ce a inda ta dace, amma a wannan ɗaki abin da take ji shi ne: yi shiru.

Abin da za ki faɗa gajere ne: "Na yarda da ke. Ba laifinki ba ne. Kin yi daidai da kika zo." Sai ki tambaye ta me ya fi damunta yanzu. Za ki yi tsammanin HIV ne, sai ki ji tsoronta ciki, ko kada mahaifinta ya ji, ko kada a fasa aurenta. Da abin da ta faɗa za ki fara.

Kada ki yi alkawarin sirrin da ba za ki iya riƙewa ba. In ƙaramar yarinya ce, ko rai na cikin haɗari, ki faɗa tun farko cewa akwai wanda dole ya sani don a kare ta.

3. Lokaci da izini

Tambaya mafi muhimmanci ita ce yaushe. Ba kowa ke riƙe da agogo ba, to ki bi da salla: kafin magariba ne ko bayan isha? Ranar kasuwa ce? Ki lissafa awanni ki rubuta. Sai ranar da ta ga al'ada ta ƙarshe, ko tana shan maganin tazarar haihuwa, ko tana shan wani magani, ko akwai wanda ba ya karɓar ta, da inda abin ya shafa a jikinta, har baki da dubura, don ba za ta faɗa da kanta ba.

Ki bayyana mata komai ɗaya bayan ɗaya, ta amince da kowanne daban: dubawa, magani, ajiye shaida, sanar da hukuma. Tana iya karɓar magani ta ƙi dubawa. Ki ba ta maganin. Babbar mace ita ke da ikon kai ƙara ko fasawa, ba ke ba, ba danginta ba.

4. Dubawa

Kada ki tuɓe ta gaba ɗaya. Ki buɗe sama ki rufe, sannan ƙasa. Ki fara da tafin hannu da tsintsiyar hannu, sai fuska, cikin leɓe, bayan kunne, cikin gashi, wuya, nono, baya, cinyoyi. Kafin ki taɓa ko'ina ki faɗa mata. Gaba shi ne na ƙarshe, da tocila mai haske. In ta ce a dakata, an dakata.

Ba a yin gwajin budurci. Ba a sa yatsu biyu don a "gani". A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fito suka ce a daina, domin babu abin da tantanin budurci yake tabbatarwa, kuma gwajin kansa cin zarafi ne. Iyaye za su matsa miki: "Malama, ki duba mana ko tana nan." Ki ce musu babu likitan da zai iya gane wannan da ido, abin da ke gabanmu lafiyarta.

Raunin da yake da tsabta, bai kai awa 24 ba, ana iya ɗinke shi. Mai datti, ko cizo, a wanke sosai a bar shi buɗe. Yagewar da ta kai dubura, ko fitsari ko bayan gida na zuba ta gaba, kada ki taɓa da allura, aikin likitan tiyata ne. Akwai cibiyoyin yoyon fitsari kamar ta Babbar Ruga a Katsina da ta Laure a Kano.

5. Magunguna

PEP, wato maganin kariya daga HIV, ana fara shi cikin awa 72, kuma kowace awa da aka rage riba ce. Ga babba da budurwar da ta kai kilo 30, TLD ne, ƙwaya ɗaya kullum har kwana 28. Ki yi gwajin HIV da izininta. In ya nuna tana da ƙwayar, to tun kafin wannan abu ne, ba PEP take buƙata ba, sai ki haɗa ta da sashen masu karɓar magani. In babu abin gwaji, ko ta ce ba yau ba, ki fara maganin, a yi gwajin daga baya. Ki ba ta na kwana 28 gaba ɗaya. Masu ba da na kwana uku su ce a dawo ba su san kuɗin mota da neman izinin fita ba. Ki gaya mata zai iya sa tashin zuciya da ciwon kai da rashin barci a kwanakin farko, ta sha da safe, kada ta daina. Kada ta haɗa shi lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini ko farin maganin gyambon ciki, suna rage masa ƙarfi.

In akwatinki babu TLD, ki duba wajen awo: wanda ake ba masu ciki masu ɗauke da HIV shi ne dai. In nan ma babu, ki tura mai babur asibiti mafi kusa da ke ba da maganin, ita tana hutawa a wurinki.

Maganin hana ɗaukar ciki yana aiki har awa 120, wato kwana biyar, amma ya fi ƙarfi a kwanakin farko. Levonorgestrel miligiram 1.5 ne sau ɗaya, in Postinor-2 ne ta haɗiye ƙwayoyin biyu tare. In ta yi amai cikin awa biyu a sake. In babu shi, ƙwayar tazarar haihuwa ta kullum irin Microgynon tana tsayawa: huɗu yanzu, huɗu bayan awa 12, da maganin amai, don tana tayar da zuciya. In akwai ƙwararriya a wurin, ana iya sa robar mahaifa mai tagulla cikin kwana biyar, kuma ita ta fi duka ƙarfi. Uwa za ta tambaye ki ko zubar da ciki ne. A'a. Ƙwayar jinkirta fitar ƙwai take yi, ba ta taɓa cikin da ya riga ya shiga. In gwaji ya nuna ciki a ranar, ciki ne na da, ba a ba da wannan, amma PEP ana bayarwa.

Ciwon sanyi ba a jira ya bayyana. Allurar ceftriaxone gwargwadon yadda jagorar ƙasa ta tsara, azithromycin giram ɗaya, Flagyl giram biyu. In babu azithromycin, doxycycline miligiram 100 safe da yamma na kwana bakwai, ban da mai ciki. Kuskuren da sababbi ke yi shi ne ɗura mata komai lokaci guda a cikin da babu abinci, ta amayar da su duka har da masu muhimmancin. Ki fara da TLD da na hana ciki, ta sha kunu ko shayi da burodi, Flagyl ta tafi da shi gida.

Allurar ciwon hanta nau'in B cikin kwana 14 in ba ta taɓa yi ba. Tetanus in akwai rauni. Diazepam kuwa, maganin kwantar da hankali da sa barci, ki bar shi a inda yake, yana danne abin ne kawai, ya bar ta da sabo.

In ta zo bayan awa 72, ba PEP, amma na hana ciki yana nan har kwana biyar. In ta zo bayan wata uku ma kada ki ce ta makara: akwai gwajin ciki da na HIV, akwai maganin sanyi, akwai saurare.

6. Rubutu da shaida

Ki rubuta maganarta da kalmominta: "Ta ce ya toshe mata baki da hannu." Rauni ki kwatanta shi yadda ido ya gani, wuri da girma da launi da siffa, ki yi alama a zanen jiki. Kada ki rubuta "an yi fyaɗe" ko "ba a yi fyaɗe ba", wannan hukuncin alƙali ne. In ba ki ga rauni ba, ki rubuta haka, ki ƙara da cewa rashin rauni ba ya kore abin da ta faɗa. Da yawa ba a samun rauni ko kaɗan, kuma jimla ɗaya ta sakaci daga gare ki tana iya kashe shari'a.

In ta yarda a ajiye tufafi, ta tuɓe a kan farar takarda, a shanya su su bushe a inuwa, kowanne a ambulan ɗinsa na takarda. Leda tana sa su yi fumfuna, shaidar ta lalace. Ki rufe, ki sa hannu da kwanan wata, duk wanda ya karɓa ya sa hannu. Kada ki ɗebi samfurin da babu inda za a gwada shi, wahalar da ita ce kawai. Hoto kada ya shiga wayarki.

Rahoton asibiti haƙƙinta ne ko ba ta kai ƙara ba, ki ajiye kwafi a kulle, don wata sai bayan shekara take dawowa nemansa. A littafin da ke kan tebur kada kalmar fyaɗe ta fito. Kuma ki ja kunnen mai shara da mai kati. A ƙauye magana ɗaya ta fita, kafin la'asar ta kai bakin rijiya.

7. Matar da ake duka a gida

Ita ba ta zuwa ta ce an doke ta. Ƙofa ce ta buge ta, ko santsi ya kwashe ta a banɗaki. Abin da zai ja hankalinki: raunin da bai yi kama da labarin ba, tabo sabo a kan tsoho, ciwon kai da ciwon mara da ba sa jin magani, ɓari a kai a kai, fashin awo, maigidan da yake amsa kowace tambaya a madadinta. Ba kowace mace ake tambaya ba, sai wadda kika ga alama, kuma ita kaɗai, ko ɗan da ya wuce shekara biyu kada ya kasance a wurin, don yara suna kai rahoto gida.

Ni haka nake farawa: "Maman yara, ina ganin mata da yawa masu irin wannan ciwo, wasu zaman gidan ne ba daɗi. Ke ya zaman naku?" In ta musa, kada ki matsa. Ki ce ƙofa a buɗe take, ki ba ta ranar dawowa da sunan awon jini.

In ta buɗe baki, ki auna haɗarin. Dukan ya ƙaru a wata shidan nan? Ya taɓa ɗaukar makami? Ya taɓa shaƙe ki? Ya taɓa dukanki da ciki? Kishinsa na kai shi ga duka? Kina jin zai iya kashe ki? In ta amsa e ga uku, komawarta gida a daren nan haɗari ne, ki faɗa mata ƙarara. Ku tsara tare: gidan wa za ta nufa, wace maƙwabciya za ta ji alama ta shigo, ina za ta ɓoye ɗan kuɗi da katin asibitin yara, in rigima ta tashi ta nisanci madafa inda wuƙa da taɓarya suke.

Kada ki ce ta kashe aurenta, kada ki ce ta koma ta yi biyayya. Kada kuma ki kira mijin don ki yi musu sulhu. Na taɓa yi, da kyakkyawar niyya, matar ta dawo bayan kwana biyu da karyayyen hannu, ba ta sake gaya mini komai ba.

8. In ƙaramar yarinya ce

Ki durƙusa daidai tsayinta, ki ce "'yata, ba ki yi laifi ba, ba mai dukanki." Ki bar ta ta faɗa da bakinta, kada ki sa mata suna ko magana a baki. Ana duba ta a kan cinyar uwarta, da ido kawai, ba a sa ƙarfen dubawa ga wadda ba ta balaga ba, ba a danne ta. Magani da kilo ake auna shi, PEP na yara daban ne, ki kira sashen HIV su gaya miki. Wadda nono ya fara fitowa tana iya ɗaukar ciki ko ba ta fara al'ada ba, a ba ta na hana ciki.

Tambayar da ba a tsallakewa: mutumin yana gidan da za ta koma? In haka ne, ki kwantar da ita a asibiti da uwarta har jami'ar walwala ta zo. Za a zo miki da maganar rufin asiri, wani lokaci manyan unguwa ne da kansu, a ce a sasanta a gida. Ki karɓe su da girmamawa, amma rahoton ba ya canzawa, kuma ba ya shiga hannun kowa sai wanda doka ta ba shi.

9. Inda za ki tura ta, da ranar dawowa

A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna cibiyoyin Salama, a Sakkwato cibiyar Nana Khadija. A irin waɗannan wurare ana haɗa magani da shawara da taimakon shari'a. Ki nemi ta jiharku ki je da ƙafarki ki san mutanen tun kafin buƙata ta taso. In za ki tura ta, ki kira a gabanta, ki gaya mata sunan wadda za ta tarar, don kada ta sake maimaita labarin a bakin ƙofa. In tana son kai ƙara, dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda ake kira VAPP, jihohi da yawa sun karɓe ta, lauyoyin mata na FIDA kuma suna taimakawa.

Ta dawo bayan sati biyu ki ga raunuka da yadda take shan TLD, bayan wata ɗaya gwajin ciki da allurar hanta ta biyu, wata uku gwajin HIV, wata shida allurar hanta ta ƙarshe. Kowane zuwa ki tambayi barci da cin abinci, ki kuma tambaya kai tsaye ko ta taɓa jin gara ta mutu. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata. In ta ce e, kada ta tafi ita kaɗai, a haɗa ta da likita a ranar.

Kafin ta fita ki tambaye ta hanyar da za ki neme ta ba tare da kin tona ta ba: wayar wa, wane lokaci, me za ki ce in wani ya ɗauka. A katin da za ta riƙe ki rubuta kwanan wata kawai, da "awon jini".